Rigar Ɓawon Lemo

A duk layin shagunan da ke bayan tashar mota, babu wanda bai san Tela da rararsa ba. Ka kai masa wando ya rage maka ƙugu, zai rage, amma abin da ya rage ɗin ba zai yanke shi ba. Sai ya naɗe shi ta ciki, ya bi shi da ɗinki, ya danne da dutsen guga. In ka tambayi dalili ya ce maka, "Rara ce. Ka san yadda jikinka zai koma baɗi?" Ko mutumin da tun yana saurayi yake nan kamar sillen kara, sai ya bar masa faɗin yatsa biyu. Maƙwabcinsa mai gyaran agogo ne ya fara kiransa Malam Rara, sunan kuwa ya bi shi har cikin gidansa.

Yana da wata ɗabi'ar kuma, ita ce jan layi biyu. Sauran teloli layi ɗaya suke ja da alli, su ƙiyasta sauran da ido, su sa almakashi. Shi kuwa sai ya ja farin alli ta waje, nan almakashi zai bi, sannan ya ja na rawaya ta ciki, nan allura za ta bi. Abin da ke tsakanin layukan biyu shi ne rarar. Shekara talatin yana wannan aikin bai taɓa ɓata wa kowa yadi ba, kuma yana ji da wannan fiye da yadda ya kamata.

Gyara da kayan makaranta su ne abincinsa. Canjin zif, ɗage kalmasa, facin gwiwa, sai kuma lokacin komawa makaranta ya zo, iyaye su cika masa shago da yadi iri ɗaya, ya yi ta fitar da riguna da wanduna har ya daina bambance Litinin da Alhamis. Shagon ba wani girma gare shi ba. Teburin yanka ya cinye rabi, ga keken ɗinki biyu, ɗaya yana aiki, ɗayan ya daɗe da mutuwa an mayar da shi mazaunin rediyo. Akwai buhun ƙyallaye a bayan ƙofa. Can saman kanta kuwa, inda sai ya taka kujera yake kaiwa, akwai wani ƙunshi naɗe cikin tsohon zanen gado. Wannan ƙunshin shi ne ciwon Tela.

Shekara goma sha bakwai ke nan da abin ya faro. Wata ranar hutu da hantsi, matarsa tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana fere lemo. Malama ake ce mata, don lissafi take koyarwa a firamare, shi ma kuma haka yake kiranta. Wuƙar ta yi ta zagaya lemon, ɓawon yana saukowa a zare ɗaya, har ya ƙare bai katse ba. Tela ya tsince shi daga faranti yana wasa da shi, ya mayar da shi zagaye-zagaye, sai ga lemo ya sake tashi a tafin hannunsa, babu komai a ciki. Ya daɗe yana kallonsa.

"Malama, wannan ai riga ce."

"Ɓawo ne," ta ce. "Miƙo shi in zubar kafin Auta ta kai baki."

Bai miƙa ba. Abin da ya gani a ransa riga ce da ba ta da gaba, ba ta da baya, ba ta da ɗinkin gefe. Ƙyalle ɗaya ne dogo mai lanƙwashe-lanƙwashe, ɗinki ɗaya tak, ya taso daga kafaɗa ya zagaye jiki sau biyar ya sauka a idon sawu. Bai taɓa ganin irinta a jikin kowa ba, ko a hotunan da mata ke kawo masa su ce irin wannan suke so. A makon nan ya sayo yadi shida, shuɗin da ya kusa zama baƙi, ya auna Malama, ya rubuta awon a shafin farko na sabon littafi. Kwana huɗu yana jan layi a kan yadin, fari da rawaya. Da ya gama ya ɗauko almakashi, sai wani ya shigo da wando. Tela ya ce bari ya sallame shi tukuna.

In ji Malama, har yau bai gama sallamar mutumin nan ba.

Duk shekara, da zarar hayaniyar kayan makaranta ta lafa, sai ya taka kujera ya sauko da ƙunshin. Ya sa Malama ta biyo ta shago, ta tsaya ta ɗaga hannuwa, ya sake auna ta, ya goge tsohon allin da jiƙaƙƙen tsumma, ya ja sabo. A shekarun farko takan yi masa tsiya.

"Bana da nawa na ƙaru?"

"Kina nan yadda kike."

"Ga tef a hannunka kake wannan ƙaryar?"

Daga baya tsiyar ta ƙare. Takan zo ta tsaya, ta ɗaga hannu tana kallon bango, in ya gama ta ɗauki jakarta ta wuce gida.

Uzurinsa ba ya ƙarewa. Yau hasken bai yi ba, gobe almakashin yana son wasawa, jibi lanƙwasar da ke kan ƙugu ba ta kwanta masa ba. Gaskiyar maganar, wadda ko shi ba ya son haɗa ido da ita, tsoro ne. Riga mai ɗinki ɗaya ba ta da gefen da za a buɗe a gyara. In yankan ya yi, ya yi. In ya kuskure, yadin ya tafi. Kuma muddin almakashi bai shiga ba, rigar nan ta fi kowace riga kyau a duniya, shi kuma ya fi kowane tela. Wa zai so a taɓa masa wannan? Ya saba bar wa mutane rara a tufafinsu, har ya ɗauka shi ma an bar masa irinta a kwanakinsa.

Mutum ɗaya ne a layin ya san abin da ke cikin ƙunshin, shi ne Mai Agogo, don shi ma da nasa ciwon. A aljihun teburinsa na ƙasa yana da agogon bango da yake haɗawa da hannunsa daga tarkacen matattun agogo, wanda in ya tashi, kowace awa da irin kukan da zai yi. Agogon ma ya girmi rigar. Kullum da safe, suna buɗe ƙofofi, gaisuwarsu ɗaya ce.

"Malam Rara, ya rigar?"

"Tana gaida agogo."

"Yana amsawa."

Su yi dariya, kowa ya shige shagonsa da sanyin rai, don ya san ba shi kaɗai ba ne.

Ciwon idon Tela ya fara ne a hankali, kamar ba komai ba. Zare ya riƙa ƙin shiga allura. Tela ya zargi zaren, ya zargi allurar, ya canza ƙwan fitila. Rannan ya ɗinke rigunan makaranta takwas masu ruwan toka da koren zare, bai sani ba sai da masu kayan suka dawo da su suna faɗa. Kwana biyu ya yi yana farke ɗinkin kansa. Auta ce ta tasa shi a gaba zuwa asibitin ido. Yanzu ta girma, shekararta ashirin da biyu, tana aiki a shagon magani, kuma bakin uwarta ta gado.

Likitar mace ce, ba ta kai sa'ar babban ɗansa ba. Ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta ba shi wani abu ya riƙe, ta ce ya danna duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Ya zauna yana ta jiran ɗigon, ashe sun yi ta wucewa.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "Ciwon ya daɗe yana cin jijiyar idon. Maganin da zan rubuta zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba."

"Aikin allura fa?"

"Ba ni da ikon yanka maka rana. Amma in akwai aikin da kake son ka gama da idonka, shi za ka sa a gaba."

A hanyar gida ya ce wa Auta kada ta gaya wa uwarta.

"Baba, ai Mama ce ta ce in kawo ka," ta ce. "Ta ce tun bara kake zuba mata shayi a gefen kofi."

Wani zai ce ai shi ke nan, gobe da safe zai yanke rigar. Wanda ya ce haka bai san Tela ba. Ya sauko da ƙunshin, gaskiya ne. Ya auna Malama, ya ja layukan hancinsa yana kusan taɓa yadin, yana gane allin da hannu don farin ya fi kauri. Sannan ya naɗe ya mayar saman kanta. A da hannunsa kaɗai yake tsoro, yanzu ga ido ya shigo. Ya shiga karɓar gyara ba ji ba gani, har irin wanda a da yake korar masu shi, ya tara wanduna a kan teburin yanka har babu wurin shimfiɗa yadi. Da rana tsaka yakan tsinci kansa ya tsayar da keke, ya rufe ido ɗaya yana gwada ɗayan da kalandar bango. Watan jiya yana karanta ƙananan lambobin, wannan watan sai manyan. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya zama mai saurin hasala, har ya daka wa wani dattijo tsawa a kan maɓallin riga. Malama tana gani, tana ɗiga masa magani safe da yamma, ba ta ce masa uffan a kan rigar ba. Shirun nata ya fi tsiyar damunsa.

Ana cikin haka, wata safiya ya buɗe ƙofarsa ya jira gaisuwa, ya ji shiru. Mai Agogo ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan mako uku 'ya'yansa biyu suka zo kwashe shagon, don an ce ba zai sake riƙe kayan aiki ba. Tela yana tsaye a bakin ƙofa lokacin da babban ya zaro aljihun tebur na ƙasa ya juye shi cikin buhu. Ƙananan ƙarafa masu haƙora da 'yan ƙararrawa goma sha biyu, kowace da girmanta, suka zube a kan tsofaffin batura.

"Kai, tsaya. Wannan agogo ne."

Ɗan ya leƙa buhun, ya dubi Tela cikin ladabi. "Kawu, ƙarafa ne kawai. Mun ma tambayi Baba, ya kau da kai." Ya ɗaure bakin buhun.

Tela ya koma shagonsa, ya ɗaga kai ya dubi saman kanta. Ya hango ranar da nasa 'ya'yan za su zo, su warware zanen gadon, su ga yadi mai kyau da dabbare-dabbaren alli, su ce a wanke a yi labule.

Da yamma ya je dubiya. Ya tarar da abokinsa kwance a falo kan katifa, hannun dama ajiye a kan ciki kamar ba nasa ba, bakin ya karkace. Suka gaisa da ido. Can Mai Agogo ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da maganar.

"Ya... rigar?"

Amsar tana bakin Tela, shekara da shekaru ita yake bayarwa. Ya buɗe baki, ta ƙi fita. Wane agogon za ta gaisar?

Mai Agogo ya kamo hannun rigarsa da hagu, ya jawo shi kusa. "Bar gaisuwar nan," ya ce, kalma ɗaya-ɗaya. "Yanke ta."

Washegari Tela bai buɗe ƙofa duka ba. Ya kwashe wandunan mutane ya jibge a kan mataccen keken, ya kashe rediyo, ya share tebur. Ya shimfiɗa yadin, ya danne kusurwoyinsa da dutsen guga da gwangwanin maɓallai. Ya goge tafinsa a cinya, ya ɗauki almakashi. Ya yi bisimilla, ya sunkuya, ya nemi layin da ya fi fitowa a idonsa, ya sa bakin almakashi.

Ƙarar yankan farko har cikin haƙoransa ya ji ta. Daga nan kuma sai wani abu ya sake shi. Almakashin ya bi lanƙwasar kafaɗa, ya faɗa doguwar gangarar da za ta zama zagaye na farko, ya juyo, ya sake miƙewa. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, Tela ya ce, "Ba na nan," ko ɗagowa bai yi ba. Rabonsa da jin daɗin aiki haka tun ranar da ya fitar da rigarsa ta farko a wurin koyo. Kafin azahar ƙyallen ya fita, dogo, mai lauje-lauje, ya zubo daga tebur ya kwanta a ƙasa. Ya tsaya yana mayar da numfashi, yana murmushi shi kaɗai.

Sai ya duƙa tattara ragowar don ya zuba a buhu. Haka kawai ya kai ɗaya bakin ƙofa inda rana ke shigowa, ya kusanto da shi fuskarsa. A jikin ragowar akwai farin layi, lafiyayye, daga wannan baki zuwa wancan, almakashi bai taɓa shi ba. Ya ɗauko wani. Shi ma haka. Ya ɗauko na uku.

Layin rawaya ya bi. Tun daga kafaɗa har ƙasa, gefe da gefe, ya yanke a inda allura za ta bi, ya zubar da rarar gaba ɗaya. Shekara talatin bai ɓata yadin kowa ba, sai nasa.

A nan Malama ta same shi da ta taso daga makaranta, zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur, ragowar yadin a cinyarsa. Ta dubi dogon ƙyallen, ta dubi almakashin, fuskarta ta fara washewa. Sannan ta dubi tasa fuskar.

"Baban Auta, me ya faru?"

"Layin ciki na bi."

Shekarun da ta yi da tela sun ishe ta gane maganar. Ta ajiye jaka, ta karɓi ragowar tana jujjuyawa.

"Ba za a iya mayar da wannan a jona ba?"

"Sai ta zama riga mai ɗinki ɗari."

"In aka ɗinka ta a haka fa?"

"Dole ɗinkin ya ci daga jikinta. Zagaye biyar, kowanne ya ci nasa. Za ta tsuke, ta ɗage." Ya dubi dogon ƙyallen. "Ba za ta shige ki ba, Malama."

Ta ce ya ba ta littafin awo. Ta jawo kujera ta zauna, ta ciro biro, ta tambaye shi nawa kowane zagaye zai ci, ta yi 'yan rubuce-rubuce a bangon littafin. Sannan ta shiga buɗe shafuka tana komawa baya, bana, bara, bara waccan, tana gwada lambobin. Ba ta tsaya ba sai a shafin farko, wanda takardarsa ta yi ja don tsufa. Ta daɗe a kansa.

"A wannan awon za ta fito," ta ce. "Bambancin bai taka kara ya karya ba."

Ta rufe littafin a kan cinyarta.

"Ka san a waccan shekarar na sayi takalmi saboda ita? Shuɗi, mai ɗan tsini. Ban nuna maka ba, na ce sai ranar. Yana cikin kwali har fatarsa ta ɓaɓɓare, na zubar da shi ba ka sani ba." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Duk shekara in zo in tsaya maka, in ɗaga hannu kamar wadda aka kama da sata, kana rubuta yadda nake tsufa. Ka ɗauka daɗi nake ji? Da ka yanke ta a lokacin, ko a karkace ta fito zan sa ta."

Wannan maganar ta fi ta likita shigarsa. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, da wani haushin kansa da bai san inda zai kai shi ba. Ya miƙe, ya cukuikuye ƙyallen, ya nufi buhun bayan ƙofa.

"Ina za ka kai shi?"

"Ai ya riga ya lalace."

"Ajiye shi." Muryar aji ta yi masa, wadda take tsayar da yara sittin da ita. "Ka tsayar da ni shekara sha bakwai a kan riga, sannan ka ce mini babu rigar? Za ka ɗinke ta ko da ƙusar bango ce za ta sa ta. Ina son in gani da idona, riga ce ko ɓawo."

"Ba na ganin kafar allura, Malama."

"Ni ina gani."

Kwana tara aka yi. Kullum da safe kafin ta wuce makaranta, Malama takan biyo ta shago ta zura zare a allura goma sha biyu, ta jera su a jikin wani ƙyalle, ta zura na keke, ta tafi ba tare da doguwar sallama ba. Fushin bai sauka ba, amma alluran ba su taɓa gaza sha biyu ba. Tela ya manna takarda a ƙofa cewa ba a karɓar gyara. Masu wanduna suka yi ta zuwa suna ƙorafi, ya miƙa wa kowa nasa yadda ya kawo shi, ya nuna masa shagon wani tela a ƙarshen layi.

Da hannu ya fara riƙe ɗinkin, don lanƙwasar ba ta yarda a kai ta keke kai tsaye ba. Abin da ya bari a bakin ƙyallen bai kai faɗin farce ba, shi da yake barin yatsa biyu. Babu kuma layin da zai bi, almakashi ya cinye allin. Sai ya koma bi da hannu, babban yatsa yana auna baki, allura tana biye. Sau uku yana farke zagaye na uku, wanda ya hau kan ƙugu. A rana ta shida idon ya yi masa nauyi, kansa ya yi ta sara, ya kifa goshi a kan keke ya ce a ransa ya haƙura. Da ya ɗago, ya shafa ƙyallen alluran ya ji saura biyar a jere da zarensu. Ya zari ɗaya.

A rana ta tara ya ce Auta ta biyo in ta tashi daga aiki. Da la'asar sai ga ta, ta tarar da uwarta a zaune. Ta shiga bayan labule da rigar, suna jin ta tana mita.

"Baba, ina gaban, ina bayan? Ko zif ba ta da shi."

"Sa kanki kawai, za ta nemi hanyarta."

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa inda haske yake. Ta sunkuya tana kallon jikinta.

Abin da Tela ya gani wani dogon shuɗi ne da haske kewaye da shi. Ya murza ido, ya matso, bai ƙaru da komai ba.

"Malama, bi mini ɗinkin."

Malama ta tashi, ta ɗora yatsa a kafaɗar 'yarta inda ɗinkin ya taso, ta ce ta juya a hankali. Auta tana juyawa, ɗinkin yana wucewa ƙarƙashin yatsan yana gangarowa.

"Na ɗaya ya kwanta," in ji Malama. "Na biyu ya kwanta."

A na uku ta daɗe. Tela ya riƙe bakin tebur.

"Ya kwanta."

Ta ci gaba da bi tana duƙawa, har ta kai na biyar gwiwarta a ƙasa, bakin rigar a hannunta. Ba ta tashi da wuri ba.

"Riga ce," ta ce. "Haka nake a lokacin. Ka tuna?"

Ya tuna. Farin ciki da baƙin ciki suka taso masa lokaci guda. Ga abin da ya gani a tafin hannunsa shekara sha bakwai da suka wuce yana tsaye a ƙofar shagonsa, ga wadda ya yi dominta durƙushe a gabansa tana gyara wa wata bakinsa. Ya juya wajen 'yarsa.

"Auta, je ki gidan Kawunki mai agogo a haka. Ki ce masa ga ta nan, ta zo gaisuwar da kanta."

Da Auta ta fita, Malama ta dafa keke ta miƙe, ta goge ido da bakin mayafi. Ta buɗe jakarta ta ciro wani ƙunshi a leda, ta ajiye a kan teburin yanka. Tela ya shafa ya ji yadi ne.

"Kore ne," ta ce. "Kuma ba wani mai daraja ba ne, kada ka ce mini kana tsoron ɓata shi." Ta ɗauke allin rawaya daga kan tebur ta jefa a jaka. "Layi ɗaya za ka ja."

"Rarar fa?"

"Yatsanka ya san ta."

"Malama, yau da safe ko manyan lambobin kalanda sai da na matsa. Ban san ko zan kai ƙarshenta ba."

"Ni ma ban sani ba. Shi ya sa na kawo shi yau." Ta tsaya a tsakiyar shago, ta ɗaga hannuwa. Wannan karon ba bango take kallo ba. "Wannan ne awo na ƙarshe da zan tsaya maka."

Ya zaro tef daga wuyansa, ya zagaya ƙugunta da shi, ya danne da babban yatsa inda ya haɗu. Ya sunkuya, ya kusanto, ya karkata kai wajen haske. Lambobin sun narke cikin juna. Ya daɗe a haka.

Malama ta sunkuyar da kai ta duba inda yatsansa yake.

"Arba'in da huɗu," ta ce. "Rubuta shi yadda yake."